Tara jiki ka zaftare, ko cin daidai: wanne ya dace da aljihun ɗan ƙauye?

Bayan sallar la'asar, idan ka bi ta bayan makarantar firamaren garinmu a ƙasar Ringim, za ka tarar da samari sun kewaye wata sandar ƙarfe da aka ɗaura wa siminti kai biyu a cikin gwangwanin fenti. Ita ce kayan aikinmu, sai reshen darbejiya da muke kamawa mu ja jiki sama. Na fi shekara takwas ina ɗaga wannan ƙarfe, shi ya sa duk yaron da ya kalli bidiyon masu ƙwanji a TikTok kansa ya ɗaure, wurina yake zuwa. Kwanan baya wani ya tare ni da kuɗin ƙwadagon da ya tara, ya ce, "Yaya, in narka abinci in yi jiki tukuna sannan in rage, ko in ci gaba da cin da na saba?" Guminsa ne a hannunsa, bai kamata ya zubar da shi a kan abin da bai fahimta ba.

Hanya ta farko ita ce wadda nake kira tara-ka-zaftare. Mutum zai yi watanni yana cin abin da ya fi ƙarfin buƙatar jikinsa, yana ɗaga ƙarfe, nauyinsa yana hawa, tsoka da kitse tare. Daga nan sai ya juya ya rage ci na wasu watanni, kitsen ya narke, tsokar ta fito fili. Masu gasar nuna ƙwanji a ƙasashen waje haka suke yi, kuma tana aiki. Hanya ta biyu cin daidai ce: ka ci gwargwadon abin da jikinka ke ƙonawa, nauyinka ya tsaya kusan wuri ɗaya, ka dage da ɗaga ƙarfe, ka gyara irin abin da ke cikin kwanon. A hankali damtse da ƙirji su cika, ciki ya lafe.

Kafin ka zaɓa, ka san iyakar jiki. Tsoka ba ta gaggawa. Ko sabon shiga, wanda shi ne ya fi kowa saurin samu, da wuya ya gina tsokar da ta wuce kilo 1 a wata, bayan shekarar farko kuma abin raguwa yake yi sosai. Saboda haka idan sikeli ya nuna ka ƙara kilo 3 cikin wata guda, yawancinsa kitse ne da ruwa. Kilo 1 na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), kuma sai ka biya shi da yunwa kafin ya tafi. Masu yin tara-ka-zaftare da hankali ba sa wuce ƙarin kalori 250 zuwa 500 a rana. Wannan ba wani tulin abinci ba ne. Gyaɗa giram 50, wato kusan cikin tafin hannu biyu, ta kusa kalori 300 ita kaɗai.

Na gwada hanyar farko a wani hunturu, lokacin hatsi ya cika rumbu. Tuwo sau uku, fura da rana, shinkafa da mai da daddare. Ƙarfen ya yi mini sauƙi, gaskiya, kuma na ji daɗin hakan. Amma kafin bazara sai da na kai wanduna uku wurin tela ya buɗe ƙugu. Wahalar ta zo ne wajen zaftarewa, kuma nan ne masu bidiyo ba sa faɗa wa talaka gaskiya. Idan ka rage ci, dole ka riƙe furotin da yawa, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, in ba haka ba tsokar da ka sha wuya a kanta za ta bi kitsen su tafi tare. To a wurinmu tuwo ne mai araha, nama da ƙwai da kifi su ne masu tsada. Ka ga an ce ka rage mai arahar, ka ƙara mai tsadar. Ka biya kuɗi ka tara kitse, ka sake biya ka sauke shi.

Akwai kuma abin da tsarin Turawa bai san da shi ba: damina. Wanda ya yi noman fari da maimai da fartanya tun hantsi har azahar ba ya buƙatar kowa ya koya masa rage kitse, gona za ta yi masa. Kuma a daidai lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, farashin hatsi ya tashi. Idan ka haɗa rage ci da aikin damina, ƙarfinka zai faɗi, kunyar da kake gamawa kafin rana ta take sai ta gagare ka. Ga azumi kuma, wanda kowace shekara yake matsowa da kusan kwana 11. Shekararmu da kanta tana da lokacin cika da lokacin rama, ba sai mun ƙirƙiro wani ba.

Shi ya sa ni, ga yawancin samarinmu, cin daidai na fi so. Ya fi yi wa mutum uku aiki: wanda bai daɗe da fara ɗaga ƙarfe ba, wanda ya taɓa yi ya bari ya dawo, da wanda yake da ɗan tumbi, domin jikinsa zai ɗebi ƙarfi daga kitsen da ya ajiye. Aibinsa shi ne jinkiri, kuma wanda ya yi shekaru yana horo zai iske ci gaban ya kusa tsayawa. Siririn yaro kuwa, wanda ana ƙirga haƙarƙarinsa, cin daidai ba zai kai shi ko'ina ba. Shi ya ƙara ci, amma kaɗan, ya fara daga kaka lokacin da wake da gyaɗa suka yi sauƙi, ya nemi ƙarin kusan kilo 1 a wata. In ya yi haka ba zai tara abin da sai ya zaftare ba.

Duk hanyar da ka ɗauka, furotin ne za ka sa wa kuɗi. Ma'aunin da masana suka fi tsayawa a kai shi ne giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 yana neman kusan giram 100 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka wanda ya ce da ƙwai kaɗai zai cike, sai ya ci 16 kullum, wa zai iya? Dubi abin da ke gabanmu. Busasshen wake giram 100 yana ba da kusan giram 23. Waken suya ya fi shi, ya kai kusan 36, kuma shi ne ake yin awara da shi. Gero da dawa kansu suna da kusan giram 11 a cikin 100, saboda haka tuwo da furar yini ɗaya za su iya ba ka 30. Rabin lita na nono mai kyau kusan 16. Haɗa tuwonka, da wake, da nono, da ƙwai biyu, da 'yar gyaɗa, ka haura 90 ba ka taɓa nama ba. Awara ko ɗan busasshen kifi a miya su cike sauran. Hatsi da wake kuma suna cike wa juna gurbi, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi.

Wajen saye, ka sayi wake da waken suya da kwano a lokacin kaka ka adana, kada ka bari sai damina kana saye da gwangwani. Ƙuli-ƙuli ya fi ɗanyar gyaɗa dacewa da mai cin daidai, tun da an matse yawancin man. Sai dai ka duba gyaɗa da kyau: wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci, zubar da ita, gubar da ke cikinta hanta take ci. Nono kuwa ka nemi kindirmo wurin wadda ka sani, domin wanda aka tsinka da ruwa rabin amfaninsa ya tafi. Bandar kifin Haɗeja da soyayyiyar fara duk suna da furotin sosai idan sun samu. Garin furotin na roba da ake tallatawa a waya ba laifi ba ne, amma kuɗin roba ɗaya zai sayo maka wake mai yawa.

Abin da nake roƙon kowa kada ya saya shi ne ƙwayoyin ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dezametason ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi da ake bayarwa don rage kumburi. Fuska za ta kumbura, ciki ya fito, mutane su ce ka yi jiki, alhali tsoka maganin yake cinyewa, yana raunana ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke shi rana ɗaya, ya je asibiti a rage masa a hankali. Allurar ƙwanji ita ma tana taɓa zuciya da hanta, tana iya rage maniyyi har haihuwa ta yi wuya.

Yaron da ya tambaye ni kilo 58 ne, watansa huɗu da fara ɗaga ƙarfe, ba siriri ba ne can. Na ce ya sayi kwano biyu na wake da ɗaya na waken suya ya kai wa mahaifiyarsa, ya ware na nono da ƙwai, ya riƙa barci da wuri. Na ce duk ranar Juma'a da safe ya hau sikelin kemis, ya ari tef ɗin tela ya auna ƙugu da damtse, ya rubuta a littafi tare da yawan ɗagawar da ya yi. In ƙugu na tsaye, damtse da ɗagawa na ƙaruwa, ya ci gaba a haka. In wata biyu suka wuce komai bai motsa ba, ya ƙara cikin tafin hannu biyu na gyaɗa a kan abincinsa na kullum, mu sake dubawa bayan girbi.