Hattara da masu tallan "waifai na kyauta" a ƙauyukan Kano da Jigawa

Jama'a, a kula. Akwai masu yawo da kwalayen rauta, wato akwatin da ke watsa waifai, a ranakun kasuwa, wasu kuma suna tallan su a WhatsApp da Facebook, suna cewa na'urar mesh ce mai ba da intanet kyauta, ba sayen data, ba kuɗin wata, kuma wai guda uku za su wadatar da unguwa guda. Waɗanda suka fi faɗawa hannunsu su ne masu shagon caji, masu POS, malaman makarantu masu zaman kansu, da magidanta masu babban gida da sabis ba ya shiga ɗakunansa. Kafin kowa ya ciro kuɗinsa, ya riƙe wannan: mesh ba ya samar da intanet. Aikinsa rarraba intanet ɗin da ka riga ka saya ne zuwa sassan gida. Kamar bututun ruwa yake, in babu ruwa a tanki, ko famfo goma ka kafa ba abin da zai zubo. Tushen intanet ɗin dole ya fito daga wani wuri, ko dai rauta mai layin MTN, Airtel, Glo da makamantansu, ko Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a 2023, kuma duka biyan su ake yi.

Ga yadda ake yin gwajin bogi a gaban mai saye. Mai kayan zai jona akwatin a batir, ya ce ka buɗe waifai a wayarka, ka ga suna ya fito, ka shiga, bidiyo ya buɗe tar. Abin da ba ka gani ba shi ne ƙaramar MiFi, wato rautar aljihu mai layi, ko wata waya da ke cikin aljihunsa ko jakar yaronsa, ita ce take ba da intanet ɗin. Wani lokacin an sa mata suna iri ɗaya da wanda aka rubuta a jikin akwatin, wani lokacin kuma akwatin yana ɗaukowa ne daga gare ta yana maimaitawa. Gane wannan ba wuya. Ka fara kashe datar wayarka. Sannan ka zare wutar akwatin, ka buɗe wani sabon shafi. In har ya buɗe, to ba daga akwatin intanet ɗin yake fitowa ba. In ya tsaya, ka mayar da wutar, ka nemi a ba ka akwatin ka tafi da shi wani shago mai nisa, ba tare da mai kayan ko yaronsa ba. A nan galibi ciniki yake watsewa, sai ka ji ana cewa sauri ake yi za a kama mota.

Akwai masu wayo fiye da haka. Su rauta ce ta gaske mai ɗaukar layi suke sayarwa, sun saka mata sim da 'yar data kaɗan, sun manne ramin da sitika. Kwana biyu ko uku kana murna, sai komai ya tsaya cak. Ka kira, a ce "sabunta lasisi" za a yi, ka turo wani abu. Wannan kuɗin data ne kawai aka ninka maka. Abin da ya fi kuɗin muni shi ne layin ba da sunanka aka yi masa rajista ba. Yanzu kowane layi a ƙasar nan haɗe yake da lambar NIN ta wani mutum. In aka rufe shi ba ka da hurumin zuwa ofis ka ce a buɗe, in kuma da shi aka taɓa aikata wani laifi, a gidanka za a same shi. Duk rautar da ka saya, ka cire sim ɗin da ke ciki ka saka naka.

Sai maganar "5G". Nan ne ake cutar har da masu ilimin boko. A jikin kwalin rauta za ka ga 2.4GHz da 5GHz, wasu wayoyin ma suna nuna sunan waifai da "5G" a ƙarshensa. Wannan zangon waifai ne na cikin gida, ba shi da alaƙa da sabis ɗin 5G na kamfanonin waya. MTN ya fara 5G a 2022 a wasu manyan birane, har da birnin Kano, amma wannan bai nufin ya kai kowane ƙauye ba, kuma akwatin mesh ba ya jawo shi. Wanda ya ce maka akwatinsa zai mayar da 3G na garinku ya zama 5G, ƙarya yake yi, ba wani ja-in-ja.

Haka lambar 1200 ta jikin kwali da ake nuna wa mutane da yatsa. AC1200 jimla ce ta megabit 300 a zangon 2.4 da 867 a zangon 5, aka cike ta. Gudun waifai ne na zangunan biyu a haɗe a yanayi mafi kyau, ba gudun intanet ba. In layinka megabit 8 yake kawowa, 8 ɗin za a raba. A cikin masu araha ma akwai bambanci da ya kamata mai saye ya sani: Deco E4 na TP-Link da Nova MW3 na Tenda ramukan kebul ɗinsu megabit 100 ne iyakarsu, Deco M4 da Nova MW6 kuwa na gigabit ne. Ga mai 4G a ƙauye, na 100 ɗin ya isa, ba aibi ba ne. Aibin shi ne a sayar maka da ƙaramin a farashin babban, ko a saka E4 a kwalin M4, tunda kamanninsu ɗaya ne a ido. Ka juya ƙasan kowane akwati ka karanta samfurin da lambar da ke jikinsa, ka gwada da na kwalin.

Wata cutar da ta yi yawa ita ce sayar da rifita, wato na'urar da ke maimaita siginar waifai, a matsayin mesh. Ƙaramin abu ne fari da ake cusawa kai tsaye a soket, wani da 'yan eriya biyu ko huɗu, an rubuta 300Mbps. Yawancin masu arhar nan zangon 2.4 kaɗai suke da shi, suna karɓa suna mayarwa a kan zango ɗaya, don haka gudun yana faɗuwa wajen rabi, kuma sau da yawa sai ka ga suna na biyu ya bayyana da EXT a ƙarshe. Mesh na gaske suna ɗaya yake da shi a duk gidan, kuma manhajar kamfanin tana nuna maka kowane akwati da ƙarfin haɗinsa da ɗan'uwansa. In mai kaya ya kasa nuna maka akwatunan duka a cikin manhaja ɗaya, ka bar masa kayansa. A kuma lura da kwalin da aka haɗa gambiza, ɗaya Deco ɗaya Nova. Deco da Deco suna haɗuwa ko da samfurinsu ya bambanta, amma Deco ba ya haɗuwa da Nova su zama mesh ɗaya.

Tambayar da mai kaya na gaskiya zai fara yi maka ita ce: da me kake samun intanet yanzu? Domin babban akwatin mesh da kebul ake jona shi da tushen. Yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da ramin kebul kwata-kwata, don haka wanda ya sayar wa mai MiFi da mesh bai faɗa masa haka ba, ya cuce shi. Sai ya sake sayen rauta mai ramin kebul, wato LAN. Masu Starlink ma su duba, samfurin da ya zo da rauta marar ramin kebul sai an sayi adafta daban. A kuma tabbatar rautar 4G ɗin tana ɗaukar ƙananan zangunan 700 da 800, waɗanda suka fi tafiya nesa, domin wasu na hannu da ake shigowa da su daga waje ba su da su. Kafin a ɗora laifi a kan mesh, a shiga shafin rautar a duba RSRP, wato ma'aunin ƙarfin sabis. In yana wajen -90 ko ya fi haka kyau, lafiya lau. In ya gangara ƙasa da -110, matsalar daga sabis ne, maganinta a ɗaga rautar kusa da taga mai kallon turken sabis ko a sa eriyar waje, ba ƙarin akwatuna ba.

Faɗin filin da ake bugawa a kwali ba da irin gidajenmu aka auna shi ba. Gidajenmu katangar ƙasa ce mai kauri ko bulo, ga rufin kwano, ga ƙofar ƙarfe, ga tankin ruwa a tsakar gida, duk suna cinye sigina. Zangon 5 ya fi gudu amma da ƙyar yake ƙetare katanga biyu, zangon 2.4 ya fi kutsawa amma ya fi jinkiri. Saboda haka akwati na biyu ba a ɗakin da babu sabis ake ajiye shi ba. A tsakiya ake sa shi, inda har yanzu yake jin babban sosai, misali a baranda mai kallon tsakar gida, a kan kanta mai tsayin kafaɗa, ba a ƙasa ba, ba bayan firji ko talabijin ba. A Nova, fitila kore alama ce ta haɗi mai kyau, ruwan ɗorawa matsakaici, ja kuwa ya yanke. A Deco ma ja matsala ce. Marasa tsoron Allah in sun ga ja, maimakon su matso da akwatin mita biyu ko uku, sai su ce gidan yana buƙatar ƙarin akwati, kuma ga shi a jaka.

In zaure ko shago ya yi nisa da cikin gida, kebul ne magani. Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100, kuma idan aka haɗa akwatunan da shi, gudun ba ya raguwa kamar yadda yake yi ta iska. A nan ma ana ha'inci. Akwai kebul ɗin da cikinsa alminiyam ne aka shafa masa tagulla. Ka fere ɗan bakinsa, ka kankare silin da reza. In fari ya bayyana a ciki, ba tagulla zalla ba ce, yana saurin karyewa kuma ba ya jure dogon zango. Wanda zai bi waje a saka shi cikin bututun roba a binne, kada a rataye shi daga kwano zuwa kwano, saboda rana tana busar da bayansa, tsawar damina kuma tana bi ta cikinsa ta ƙona ramukan. Nisan da ya wuce haka, kamar daga gida zuwa makaranta a ƙarshen gari, aikin na'urorin waje ne masu kallon juna irin su CPE510, ba na mesh ba.

Cajojin ma a duba su ɗaya bayan ɗaya. Ana cire na asali a saka na banza. Ƙarfin wutar da akwatin yake so yana rubuce a ƙasansa, wasu 12V, wasu 9V, tare da amfiya. In amfiyar cajar ba ta kai ba, akwatin zai riƙa mutuwa yana tashi da kansa da zarar mutane sun yi yawa a kai. In kuma bolt ɗin ya wuce, ƙonewa zai yi. Masu jona shi kai tsaye da batirin sola su sani batirin 12V yana haura 14V lokacin da yake caji, don haka a sa abin daidaita wuta a tsakani, ko a sayi ƙaramin UPS na rauta. Akwati ɗaya in ya mutu, duk wanda yake rataye da shi a baya ya tafi.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ba a gani da ido. Mai haɗawa zai ce ka kawo ya saita maka, sai ya yi komai a wayarsa, da asusunsa. Deco da asusun TP-Link ake sarrafa shi, kuma mai asusun yana iya shiga daga ko'ina yake. Yana iya toshe wayoyinku ko ya sauya kalmar sirri, washegari ka kira shi, ya zo ya "gyara" ya karɓi kuɗin mota da na aiki. Yana kuma iya buɗe waifai na baƙi ya sayar wa maƙwabta, kai kana mamakin yadda datar wata take ƙarewa a mako guda. Duk wanda aka haɗa masa ta wannan hanya, ya nemi ɗan ramin sake saiti a ƙasan akwatin, ya danna da tsinke har fitilar ta sauya launi, ya yi wa kowane akwati haka, sannan ya sauke manhajar a wayarsa daga Play Store, ba ta hanyar turawa ba, ya buɗe asusu da imel ɗinsa. Ya sa sabuwar kalmar sirri mai tsawo, ba lambar wayarsa ba. Ya kuma sauya kalmar shiga rautar 4G ɗin kanta, domin da yawa har yanzu "admin" ce. Bayan haka ya riƙa leƙa jerin wayoyin da ke kai, duk wadda bai sani ba ya toshe ta.

In an gama saiti waifai ya fito amma babu intanet, kada a yi saurin yarda cewa akwatin ya lalace. A duba ko data ta ƙare, a duba kebul ɗin ya fito daga ramin LAN na rautar, a kashe duka biyun, a kunna rautar ta zauna minti biyu kafin a kunna mesh. In wasu abubuwa kamar kyamarar tsaro suna gardama, a shiga manhajar a mayar da mesh ɗin yanayin AP, wato ya riƙa watsa waifai kawai, don rauta ɗaya kawai ta riƙa raba adireshi, sannan a kashe waifai na rautar 4G don kada su riƙa cin karo. Wasu na'urorin POS da kyamarori zangon 2.4 kaɗai suke gani, wannan ma ba lalacewa ba ne.

Kada a tura wa kowa kafin alƙalami saboda hoton kwali. A saya a shagon da yake da mazauni, ko a Farm Center ko Beirut Road a Kano, ko a Dutse da Haɗeja, inda za ka iya komawa gobe ka samu mai shi. A karɓi rasit mai ɗauke da samfuri da lambar kowane akwati, a yi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaida. Wanda aka riga aka damfara ta tiransifa ya sanar da bankinsa a ranar, ya ajiye hoton tallan da hirarsu da shaidar biya, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma faɗa wa sarkin kasuwa da mai unguwa don a gane mutumin in ya dawo. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koken masu sayen kaya. In kuma matsalar ta layi ce ko ta data tsakaninka da kamfanin waya kuma ba su warware ba, lambar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ce 622, kiran kyauta ne.