VGA ko DVI: wanne za a ɗora wa Raspberry Pi Pico?

Mai son Pico, wato ƙaramar na'urar kwamfuta, ta nuna hoto a allo yana da hanya biyu ta haɗa su: VGA da DVI.

VGA ita ce mai sauƙin kai. Rezistoci ne ake jerawa su mayar da lambobi zuwa wutar da ba ta wuce volt 0.7 ba a layin ja, kore da shuɗi, sai layi biyu na daidaita hoto. Hoton 640×480 yana tafiya a kan 25.175 MHz, abin da RP2040, guntun da ke sarrafa Pico, ke ɗauka ba tare da gumi ba. Sai dai tana cin ƙafafun Pico (pins): launi 256 kaɗai ƙafa goma ne. Ga shi kuma yawancin sababbin talabijin ba su da ramin.

DVI kuwa ƙafa takwas ta ishe ta, kuma tana shiga ramin HDMI kai tsaye. Amma kowane ɗigon hoto bit goma ne a kowane layi, don haka dole a tura guntun da aka fitar da gudun 133 MHz zuwa 252 MHz, a kuma zana layukan wuta na allon lantarki (PCB) bibbiyu, tsayinsu ɗaya. Guntun RP2350 na 2024, magajin RP2040, ya rage wannan wahala da sashen HSTX mai tura bayanai da sauri.

Ni dai, in allon lantarki na farko ne, VGA zan zana.