Kantar siminti ko kabet ɗin MDF? Ni dai ga abin da na gani a gidana

Maman 'yan biyu sannu da fama da gini, Allah ya sa a gama lafiya. Kan tambayar da kika yi, ko kantar siminti za ki zuba ko kabet ɗin MDF (allon garin katako da aka matse da gam) za ki sa a sito da ɗakin kaya, ni ba zan ja ki da nisa ba, ki zuba ta siminti kawai. Duka biyun na yi su a gida ɗaya kuma a sito ɗaya, ta simintin yau shekararta 6 ko tsaga babu, shi kuwa na MDF ɗin ko itacen girki bai yi mana ba don da aka sa shi a murhu warin gam ya kore mu daga tsakar gida.

Mu irin tarewar nan muka yi ta gudun kuɗin haya, ɗaki biyu da falo kawai aka yi wa filasta, sito kuwa bango huɗu ne da ƙofa shikenan. Komai a ƙasa yake, buhun shinkafa a jingine da bango, jarkar mai a gefe, kwalin taliya a kan kwalin omo, in ina neman kanwa sai na ɗaga abu 5. Da na kwashi adashi ban yi shawara da kowa ba na kira kafinta ya yi min kabet fari mai sheƙi tun daga ƙasa har sama, gsky ranar da aka kafa shi har hoto na ɗauka, duk wadda ta shigo sai na ja ta sito ta gani. Daminar farko lafiya lau. Ta biyu a cikin Agusta na lura ƙofar ƙasa ba ta rufuwa, na duƙa na duba sai na ga gindin ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ashe shi MDF garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, fatar da ke samansa ce kawai ke sheƙi, da zarar ruwa ya samu hanya ta gefen da aka yanka to ya gama, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Ruwan mofa na kullum da danshin bango su suka haɗu suka kashe shi. Daga nan kusoshin ƙofa suka fara zarewa don ba abin da za su kama, kantar tsakiya ta lanƙwashe saboda na ɗora mata rabin buhun sukari, bayansa kuma kyankyasai suka mayar gida, ga gara ta biyo bango ta cinye katakon da aka yi masa ƙafa. Kafin damina ta uku mun fitar da shi guntu-guntu.

Surukata ce Allah ya saka mata ta ce ke wai me ya hana ki zuba kanta irin ta shago, a lokacin akwai wani dattijon birkila da ke mana katanga. Mutumin nan bai zo da wani zane ba, ya shigo sito ya tsaya ya duba ya ce Hajiya kawo min buhun da kuke saye da jarkar da kuke saye. Aka jawo buhun shinkafa mai kilo 50 ya tsayar da shi, aka kawo jarka mai lita 25 ya ajiye kusa da shi, ya sa gawayi ya ja layi a bango sama da su da kamar taƙi ɗaya don hannu ya samu wurin shiga da kwano. Ya ce to nan ne kanta ta farko. Wlh a nan na gane kabet ɗina na farko ba don kayana aka yi shi ba, don ido aka yi shi, cikakken buhu ko ɗaya bai taɓa shiga cikinsa ba, kullum a gabansa buhunan suke zaune.

Ga yadda ya yi min. A ƙasa ya fara ɗaga dakali kamar inci 6 don kada buhu ya taɓa daɓe, ya tayar da bulo mai inci 6 a gefe da gefe da ɗaya a tsakiya, ya fasa bango kaɗan ya cusa bakin rodi a ciki, ya kafa katako ya zuba kankare mai kaurin inci 3. Hawa 3 ya yi. Na ƙasa mai tsawo da zurfi, ƙafa 2, na buhu da jarka da durom ɗin gero. Na tsakiya da na sama ya rage musu zurfi zuwa ƙafa ɗaya da 'yan inci, na so in yi gardama ina ganin ai asarar wuri ne, ya ce Hajiya in ta yi zurfi abin da ya shige ciki sai ya ruɓe ba ki sani ba. Gaskiyarsa ne kuwa, yanzu ina tsayawa a bakin ƙofa na ga komai, gwangwanin tumatir ba ya ɓuya a bayan wani. Sati guda ina bi da buta safe da yamma ina yayyafa mata ruwa kamar mai shuka, ya ce kada a cire katakon ƙasa sai bayan sati 2, kada kuma a ɗora nauyi sai ta kusa wata, don kankare sai ya yi kwana 28 yake gama ƙarfi. Kada ki bari a yi miki gaggawa a nan.

Abin da ya fi min daɗi, tunda ku ma kaɗan-kaɗan kuke yi, ita wannan tana jira. Wata ɗaya muka zuba, muka yi amfani da ita a haka ba filasta kusan wata 4, na shimfiɗa leda kawai. Da aka zo sa tayil a falo sai ragowar da gutsattsarin aka liƙa min a kai, kala biyu ne ma ba su dace ba amma wa zai shiga sito ya duba. Ƙofa kuwa sai bayan shekara aka sa ta alminiyam mai raga a hawa na tsakiya, kafin nan labule ne da igiya. Kabet ɗin kafinta ba haka ba, ko ki biya duka a kawo ko ki haƙura. Ranar da autana ya ture galan ɗin manja a kai, ruwan zafi da omo na sa na wanke tas na tsane, na tuna da tsohon kabet na ce da shi ne da yau sai kuka. Yaron nan har hawa yake yi yana neman madara, ban ce ki bar naki su hau ba, amma dai ko motsi ba ta yi.

In za a yi wa MDF adalci, yana da kyau a ido kuma kwana kaɗan an gama, in gidan haya ne ma ba ki da zaɓi sosai tunda ba za ki gina wa mai gida kanta ba. Iyakar abin da zan iya faɗa kenan. Ko a hayar ma ni da mai walda zan kira ya haɗa min ta ƙarfe a shafa mata jan fenti na tsatsa a ɗora filawud, ta fi ɗaukar nauyi kuma ana ɗaga ta a share ƙasa.

Sif ɗin kaya shi ne zan ɗan ja miki kunne don siminti ma yana da halinsa. Nawa na bulo ne shi ma, amma na yi kuskure na zuba kaya tun bai gama bushewa ba, sai da atamfofina suka ɗauki wani warin sanyi na yi ta shanya da turaren wuta. Ki gina shi da rani ki bar shi a buɗe hunturu ya busar da shi sosai kafin zani ɗaya ya shiga. Kuma kada a jingina shi da bangon waje na gabas, mu nan Kano ta gabas hadari ke tasowa, wancan bangon shi ruwa ke duka, ki nemi bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. Ciki a sa tayil ko a yi filasta mai santsi a yi fenti mai mai. Ƙofa dole ce a nan, ba kamar sito ba, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta mayar miki da farar shadda ruwan ƙasa, a nan kam in kin sa ƙofar katako ba laifi tunda ba ta taɓa ƙasa kuma in ta lalace ita kaɗai za a canja.

Sannan ki duba kayanki kafin a raba cikin. Waɗannan sif ɗin da ake kwaikwayo daga hotunan waje rabinsu wurin hanga ne saboda su kot da riguna suke ratayawa, mu kuwa atamfa da leshi da mayafi da zanin gado duk ninkewa ake yi, babbar rigar Abbansu ma a ninke take dawowa daga wurin mai guga. Ni kashi ɗaya cikin uku kawai na bar wa hanga, na abaya da hijabai da kaftani, zurfinsa ƙafa 2 in ba haka ba kafaɗar hanga za ta riƙa tokare ƙofa, kuma a ba shi tsawo kada gindin abaya ya riƙa jan ƙasa. Sauran duk hawa-hawa ne, tazarar kamar ƙafa ɗaya, in ta fi haka za ki jera atamfa 15 a kan juna ki zo zaro ta ƙasa duk su rushe. Can sama kusa da silin a bar babban wuri na akwatunan lefe da barguna da jakar bakko ta kayan sanyin yara, ki auna babban akwatinki tukuna kamar yadda dattijon nan ya auna buhu. Ki jefa kafur a lungu-lungu amma a ɗaure a ƙyalle inda yara ba za su kai ba, suna ɗauka alawa ce.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, ki yi hattara da masu aikin nan, ba duka ba amma akwai marasa tsoron Allah. Wanda ya yi min na farko guntun katako mai kauri ya nuna min ya ce HDF ne, wato wanda ya fi MDF ƙarfi, wai ruwa ba ya masa komai, da muka zo farfasa shi sai ga cikin kamar dusa, bayan kuma wani siririn abu ne kamar kwali. Allon nan ƙafa 4 ne da ƙafa 8, akwai mai kaurin milimita 18 akwai 15 akwai 12, za a karɓi kuɗin 18 a yi miki da 12 a rufe bakin da tef ba za ki taɓa ganewa ba sai ya lanƙwashe. In dai za ki sa katako ko na ƙofa ne, Abbansu ya je 'yan katako da kansa ko ya tura wanda ya sani, a duba gefen da aka yanka da ido, a biya kafinta kuɗin hannu kawai. Birkiloli ma haka, tun da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024 wasu suka koyi cika yashi su ɓoye rabin buhu, wasu masu shagon kuma farke buhu suke su rage su ɗinke, buhu kilo 50 ne in kin ga bakin ɗinkin ya bambanta a mayar. Rodi ma ki ce a nuna miki kafin a zuba kankare don in an rufe an rufe kenan. Kuma don Allah kada ki biya kowa duka kuɗinsa kafin ya gama, ko ɗan uwan Abbansu ne, musamman ma shi. Masu sa hoton kicin na ƙasar waje su ce turo rabin kuɗi kuwa, ki ce su kai ki gidan da suka yi wa aiki shekara 2 da suka wuce ki buɗe ƙofar ƙasa ki gani.

In an gama kantar, ki shiga kasuwar Ƙofar Wambai ki sayo robobi masu murfi mai kamawa, ba sai kin saya lokaci ɗaya ba, ni bibbiyu na riƙa saye. Garin tuwo da sukari da gero a manyan bokitai, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji kowanne da tasa robar, daddawar ma kwalba ta fi don warinta na bin roba. Wake ki shanya shi ya bushe ƙarau ki ɗura a jarka ki cika ta har wuya ki toshe, iska ba ta shiga ƙwaro ba ya rayuwa, in da yawa ne daga kasuwar Dawanau kuka ɗauko to buhun PICS mai leda biyu a ciki, kada ki yarda wani ya ce ki zuba masa fiya-fiya, guba ce kuma cikinku za ta. Albasa da dankali da doya su ba sa son rufi, kwando a ƙasa inda iska ke bi. Omo da sabulu da kalanzir kada su kwana kusa da gari, na taɓa yin tuwo mai ƙamshin sabulu ba wanda ya ci. Tukwanen taron suna, da manyan kuloli, a kai su can sama tunda sai shekara-shekara. Buhu kuma ko a kan dakali ne ki ɗan janye shi daga bango, a sa raga a taga, ƙasan ƙofa a buga masa langa-langa don ɓera ta nan yake shiga.

Tunda kin ce ba a yi daɓen siton ba tukuna to yanzu ne lokacinsa, a fara kanta sannan tayil ya biyo, in aka juya sai an fasa. Ki auno min tsawo da faɗin ɗakin da inda ƙofa da taga suke, in faɗa miki bangon da za a ɗora ta.