Shagon fotokwafi mai sola kusa da BUK, ra'ayina

Jama'a masu furojet, in kuna neman inda za ku buga takardu ba tare da kun sha hayaƙi ba, akwai wani shago kusa da sabuwar BUK (Jami'ar Bayero, Kano) ta titin Gwarzo da ya jingine janareta ya koma sola gaba ɗaya, kuma wallahi ya burge ni.

Duk wanda ya saba da shagunan fotokwafi ya san yadda suke da rana, kowa da ɗan injinsa a bakin ƙofa, ƙara ta cika kunne sai ka ɗaga murya kafin a ji kwafi nawa kake so, ga warin fetur ya bi rigarka har ɗaki. Shi nasa tsit, fanka na kaɗawa, faifan sola a kan kwano, inbata da batura a lungu cikin akwatin ƙarfe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shafi ke ta hawa, shi kuwa da wuya ya ƙara, tunda ba ya bin layin gidan mai.

Amma fa akwai inda yake gazawa. Babban injin fotokwafi cin wuta gare shi saboda sai ya yi zafi yake manna tawada a takarda, don haka da an yi magariba yake kashe shi ya bar ƙaramar firinta, in hadari ya wuni da damina ma haka. Da hunturu kuma ƙura ke lulluɓe faifan, kullum da safe yaron shagon na sama da bokiti da tsumma.

Ita jami'ar tun Satumba 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya ƙaddamar mata da tashar sola mai megawat 7.1 ƙarƙashin hukumar samar da lantarki a karkara (REA) don a rage ƙona dizal. To amma hayaƙin jami'a ba daga ofisoshi kaɗai yake fitowa ba, masu aski, masu cajin waya, masu ruwan sanyi duk inji suke tayarwa. Ina ma jami'o'inmu za su nemo wa waɗannan bayin Allah bashin sola su riƙa biya kaɗan-kaɗan, don kuɗin batir ne ke korar su.

In aikinka da yawa ka je kafin la'asar, kuma ka tafi da filashinka.