Rana tsaka da daren biki: saiti ɗaya ba ya ɗaukar su duka

Ɗan'uwa daga Tawa, ka ce kyamararka tana kan Auto, amma da rana farar shadda na ƙonewa fuskoki su yi duhu, da dare kuma hoton biki ya fito dishi-dishi da launin kore. Ciwo biyu ne, kowane da maganinsa.

Da rana haske ya wadata. Abin da ya fi ƙarfin kyamara shi ne nisan da ke tsakanin farar riga cikin rana da fuskar da hula ta yi wa inuwa. Tana neman matsakaicin hasken duka, dole ɗaya ya lalace. Ka koma M, wato saitin hannu: ISO (ƙarfin jin haske) 100, buɗin lensi f/8, saurin ɗauka 1/400 na daƙiƙa, WB (daidaita fari) a alamar rana, wajen 5200K a ma'aunin launin haske. Kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo. In shaddar na walƙiya ka kai 1/500 ko 1/640, domin fuskar da ta ɗan yi duhu ana iya ɗaga ta a kwamfuta, aikin zaren da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan. Masu Canon su kunna D+, saitin da ke kare farin wuri daga ƙonewa, sai dai ISO ba zai sauka ƙasa da 200 ba. A Nikon akwai Active D-Lighting mai aiki kusa da haka.

In da hali, ka ja mutanen ƙarƙashin dogon yaro ka sa f/4 da 1/200, WB a alamar inuwa, wajen 7000K, in ba haka ba fata ta yi shuɗi-shuɗi. In babu inuwa ka kunna filashi ya cike duhun fuska. Yawancin kyamarori ba sa jituwa da filashi sama da 1/200, don haka sai ka tsaya a 1/200 ka tsuke buɗin lensi zuwa f/11.

Da dare lissafin ya juya. Auto na rage saurin ɗauka har 1/15 don ta tara haske, amarya na juya kai sai hoton ya ja. Nan saurin ake tsarewa, a bar ISO ya hau. Ka fara da 1/100, f/2, ISO 1600, in bai isa ba 3200. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana karɓarsa, wanda fuska ta narke ba mai biyan kuɗinsa. Lensin 18-55 da ake sayarwa tare da kyamara yana tsukewa zuwa f/5.6 in an zuƙo, shi ya sa 50mm f/1.8 ya fi shi nesa ba kusa ba a wannan aiki.

Me ya sa 1/100 daidai? Wutar Nijar 50 Hz ce, dogon ƙwai da fitilun LED masu araha suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. In ka wuce wannan saurin, za ka ga zane-zane a kwance, ko launi ya bambanta daga hoto zuwa hoto. A 1/100 ko 1/50 abin na lafawa. Yanayin ɗauka marar ƙara yana tsananta zanen, a kashe shi. Wurin rawa kuwa 1/100 ba ta tsayar da motsi. Filashi ne zai tsayar, da 1/60, f/4, ISO 800 don bayan mutane kada ya zama baƙi ƙirin. Kada ka harba shi ga rufin rumfa mai launi, jan tanti zai rina fuskoki.

Koren nan daga dogon ƙwai yake. Maimakon AWB, wato WB na Auto, ɗauki hoton farar takarda a daidai inda amarya za ta zauna, ka sa kyamara ta auna fari da shi. Ƙwai mai ruwan ɗorawa na son wajen 3200K. In fitilu iri uku ne suka cakuɗu a gida ɗaya, ba lambar da za ta gamsar da su, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka gyara launin daga baya.