Fenti suke dubawa, ba birki ba: hayar babur daga Chiang Mai zuwa Pai

Tauraro biyu cikin biyar na ba shagon hayar babur ɗin nan, ɗaya ma albarkacin dattijuwar da ke karɓar kuɗi ne. Ba zan kama suna ba. Duk wanda ya taɓa zagayawa wajen ƙofar Tha Phae a birnin Chiang Mai na ƙasar Tailan ya san irin layin da nake nufi, inda ake jera babura a bakin titi, shago na bin shago, kowanne da allon farashinsa a rataye. To ɗaya daga cikinsu ne. Baht 250, kuɗin ƙasar ke nan, a wuni suka ba ni Honda Click 125, kuɗin da kowa ya sani, ko ciniki ban tsaya yi ba.

Harkar kaya ce ta kai ni Bankok, kasuwar Pratunam kamar yadda aka saba, sai aka ce kayan ba za su haɗu ba sai an ɗan jira. Abokin tafiyata, wani Alhaji mutumin Damagaram, ya ce maimakon mu zauna muna ƙirga kuɗin otal, mu haura arewacin Tailan mu ga garin Pai ɗin nan da Turawa suka ishe mu da labarinsa. Ni kuwa babur ba baƙona ba ne. Tun zamanin Jincheng nake kansa har Boxer ta shigo, kuma lasisina na ƙasa da ƙasa mai hatimin babur yana aljihu. Na faɗi haka ne don kada wani ya karanta ya ce ai ɗan koyo ne ya je ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Babur ɗin farko da yaron shagon ya turo mini, tayar baya ta suɗe sumul kamar kan mai sanƙo. Na nuna masa da yatsa, ya yi dariya ya mayar, ya fito da wani ja mai sheƙi, tayoyinsa da sauran zane sosai. Daga nan aka shiga bikin duba fenti. Ya ɗauko takarda mai hoton babur, ya tsuguna da fitilar wayarsa yana bin jikin roba, duk inda ya ga ɗan ƙarzane sai ya zagaye shi da biro a takardar, ya sa in ɗauki hoto, shi ma ya ɗauka. Har ƙarƙashin matakar ƙafa ya leƙa. Mun daɗe a kan wannan. Da na tambaye shi birki fa, yaushe rabon da a duba, sai ya matsa hannun birkin sau biyu, ya ɗaga mini babban yatsa, ya rubuta a wayarsa ta fassara mini: makon jiya aka yi masa sabis. Na zaga layin da shi, na matsa, ya kama. A fili kam yana kamawa.

Hular kwano kuwa kwando guda suka zube, ka zaɓa. Yawanci irin mai rufe tsakar kai kawai, mara nauyi, wata maɗaurinta ya karye an ƙulle shi da hannu, wata soson ciki ya zube. Waɗannan ba don kai aka yi su ba, don ɗan sanda aka yi su, tunda yanzu tarar rashin hula ta kai baht 2,000. Sai da na tuna 2009, lokacin da aka tilasta hular kwano a Najeriya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka. Bambancin kaɗan ne. Da na ƙi, suka fito da mai rufe fuska har haɓa daga cikin ɗaki, wai sai na ƙara 50 a kowane wuni. Na biya, Alhaji ma ya biya yana mita. Wato suna da ta kirki, ɓoye ta suke yi.

Amma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Yaron ya so riƙe fasfona jingina, na ce ko kusa. Ni da na sha wuyar bizar nan, har da takardar hukumar NDLEA da sai da ita ake ba mu, ba zan bar fasfona a durowar mai hayar babur ba. Dattijuwar ce ta sa baki, ta ce in ajiye baht 3,000 da kwafin fasfon ya isa, ta rubuta rasit da hannunta. Ta ajiye mana manyan jakunkunanmu kyauta, ta ba mu rigar ruwa ta leda ɗaiɗaya, da ta ga carbi a hannun Alhaji kuma ta kwatanta mana masallacin Ban Haw da layin abincin halal da ke jikinsa, kusa da kasuwar dare. Nan muka ci taliyarsu mai romon kwakwa da suke kira khao soi, ba laifi ko kaɗan. A daren nan da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba su.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ka bi lamba 107 ka yi arewa har Mae Malai, ka karya hagu ka hau 1095, daga nan sai dutse. Kilomita wajen 130 ne gaba ɗaya, kwanar titi 762 in ji su, har a riga suke bugawa suna sayarwa. Abu biyu ke rikita irinmu tun kafin a kai dutsen. Na farko hannun hagu suke bi, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma dama, mutanen Nijar ma dama suka gada. A miƙaƙƙen titi mai motoci ba matsala, kana bin na gabanka. Inda ake shiga uku shi ne fitowa daga gidan mai ko karya kwana a titin da ba kowa, nan hannu yake komawa inda ya saba. Muna tafe ina jin Alhaji a baya yana danna hon duk lokacin da muka tashi daga wani wuri, alamar da muka yi ke nan ta tuna wa juna. Na biyu, babur ɗin ba giya ba kuloci. Inda hannun hagunka ya saba damƙar kuloci, nan birki yake, ƙafar dama kuwa ba ta da aikin komai. Wanda ya taso a kan Boxer in ya razana ƙafa zai taka, ya taka iska.

Hawan ya tafi lafiya. Injin bai yi gardama ba, kwaltar tana da kyau, sai dai ƙananan bas-bas masu jigilar 'yan yawon buɗe ido da ke yanko kwana su shigo hannunka ba ko sallama. Bayan mun wuce ƙololuwa muka fara gangarawa kwarin Pai, yayyafi ya sauko. Gangarar nan doguwa ce, kwana na bin kwana, wasu sai ka juyo gaba ɗaya ka fuskanci inda ka fito. A babur mai giya sai ka sa ta biyu injin ya riƙe ka. Wannan kuwa da ka saki totur gudu ya ragu, sai injin ya saki taya, babur ya zama keke, nauyinka da nasa duk a kan birki. Na san da haka, shi ya sa nake ɗan ja masa totur don ya kama, ina matsa birki ina saki don kada ya yi zafi, har tsayawa muka yi a wani wajen shan kofi ya huce.

Duk da haka, ana cikin wata gangara sai na ji hannun birkin dama ya yi laushi. Na saki na sake matsawa, ya tafi har ya taɓa sitiyari, babu komai a ciki. Ga kwana tana tahowa, ga wata akori-kura ta fito daga cikinta. Na damƙe na hagu iya ƙarfina, na baya ya yi ƙugi yana ja amma ba ya tsayarwa. Innalillahi kawai nake ja. Allah ya sa gefen dutsen ne a hannuna ba ramin ba, kuma akwai 'yar kwata mai ciyawa da jar ƙasa a gindinsa. Nan na karkata na sa babur ɗin, gefensa ya gogi gaɓar ƙasar, muka tafi tare har ya kwanta. Gwiwata ta hagu ta saluɓe, wandon jins ya yage, safar hannu ta cinye a tafi. Hular nan ta baht 50, wajen haɓarta ya kankare har farin ciki ya fito. Na daɗe ina kallon wurin. Da ta cikin kwando ce a kaina, haɓata ce za ta sha ƙasar nan.

Alhaji ya iso a guje yana "Malam, Malam, kana ji na?" Da ya ga na miƙe sai ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, mu gode Allah. Na gode wa Allah kam, har yanzu ina gode masa. Amma da muka lallaɓa a hankali, ina jan ƙafa a ƙasa, muka kai wata rumfar bakanike a bakin hanya, sai tsautsayin ya nuna fuskarsa. Tsohon bai jin Turanci, mu ba mu jin yarensa. Ya kwance murfin 'yar tukunyar man birki da ke kan sitiyari ya kira ni in leƙa: man da ya kamata ya zama garai-garai ya koma baƙi ƙirin. Ya ciro abin da ke kama faifan gaba ya ɗora mini a tafin hannu, ya cinye saura ƙarfe, har ya fara zana faifan. Ya girgiza kai, ya yi wata magana da ba na buƙatar fassararta. Tsohon man birki ruwa yake sha daga iska, in ya ɗau zafi ya tafasa, ka matsa ka ji wayam, in ya huce kuma ya dawo kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa a cikin gari ba za ka taɓa ganewa ba. Makon jiya aka yi sabis! Baban nan ya canza duka, ya ɗaure na baya, ya karɓi baht 400, ya ƙara mini da ruwan wanke ciwo daga cikin gidansa. Shi ya cancanci taurarin.

Kafin a taɓa babur ɗin na kira lambar da ke jikin takardar haya, tana ta ringi ba a ɗauka ba. Na tura hotuna ta manhajar saƙo ta LINE, tunda ita suke amfani da ita a can. Sai washegari amsa ta zo, ɗan hoton zomo yana ba da haƙuri. Shi ke nan.

A Pai na ga ba ni kaɗai ba ne. Ka zauna a layin kasuwar dare, kusa da masallacin da ke tsakiyar garin, ka ga samari da 'yan matan Turawa suna wucewa da bandeji, wannan a gwiwa, wancan a ƙwauri inda salansa ta ƙone shi, yawancinsu da gajeren wando da silifa suka hau. Da yawa ranar suka fara hawa babur a rayuwarsu, kuma shagunan ba sa tambayar lasisi, kuɗi kawai. Ni ma ba su tambaye ni ba, ni na fito da shi don kaina. Ƙasar da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya sa a cikin goma na farko wajen mutuwa a kan titi, kuma kusan uku cikin huɗu na mamatan masu babur ne, a ce a nan ake miƙa wa baƙo makulli ba tambaya. Inshorar dole da ke kan babur ɗin kuwa, wadda suke kira Por Ror Bor, kuɗin magani na farko baht 30,000 ne iyakarta, ba ruwanta da gyaran babur. Karaya ɗaya a asibitin kuɗi ta cinye wannan ta nemi ƙari. Inshorar tafiya ma da yawansu ba sa biya in ba ka da lasisin babur ko ba hula a kanka.

A hanyar dawowa zuciyata ta ɗan sauka. Birki na kamawa, gari ya washe, na ce wataƙila yaron ne ya yi ƙarya, dattijuwar ba ta sani ba, in ta ga abin da na ƙunso a leda za ta ji kunya. Har na yanke zan ba su uku.

Muna isa yaron ya fito da takardarsa da fitilar wayarsa. Bai kalli gwiwata ba. Ya tsuguna a gefen hagu yana ƙirga ƙarzane, ya rubuta 2,500. Na zazzage masa ƙarafunan birkinsu a kan tebur, na nuna hoton baƙin man, na ajiye takardar da tsohon ya rubuta mini ta 400. Dattijuwar ta juya su da yatsa, ta ce ayya, ta kawo mini ruwan sanyi, sannan ta nuna mini layi a takardar hayar: duk gyaran da aka yi ba da izininsu ba, ba sa biya. Izinin da na kira ban samu mai ba ni ba! Alhaji ya harzuƙa, ya ce "Malam, kira 'yan sandan baƙi, 1155 ne, mu kwana a nan." Jin lambar ne ya sa aka dawo 1,500, har da cewa sun yafe kuɗin hular da ta kankare, wai alfarma. Jirginmu na komawa Bankok na daren ne, kaya na jira, na karɓi rabin kuɗin ajiyata na fita. Muna ɗaukar jakunkuna ina ganin yaron yana goge jan babur ɗin da tsumma, ya tura shi layin gaba, da sabon birkin da na saya musu.

Saboda haka biyun ma da na bayar ina ganin na yi rangwame. In hanya ta sake bi da ni, ko dai in shiga ƙaramar bas daga tashar motar Arcade ta Chiang Mai in haƙura da jiri, ko in nemi mai giya a wani shagon, kuma sai an buɗe tukunyar man birki a gabana kafin in sa hannu a kowace takarda. Na sake tura musu takardar bakaniken ta LINE bayan na dawo gida, ko za su mayar da 400 ɗin. Ta nuna an karanta.