Manhajar Bloom a ajin firamare: littafin damina da harsuna uku a shafi ɗaya

A ajin da 'ya'yan Hausawa da Fulani da Barebari ke zaune kan benci ɗaya, da wuya a sami littafi ko ɗaya a kabad da ke ɗauke da harshen da yaro ke yi da kakarsa. Manhajar Bloom, wadda ƙungiyar SIL mai aikin raya harsuna ta ƙirƙira take kuma rabawa kyauta, an yi ta ne domin malami ya haɗa irin wannan littafi da kansa. A kwamfuta mai Windows ake aikin. Da waya ba a haɗa littafi, sai dai karantawa, ta ƙanwarta Bloom Reader da ke kan Android. Da zarar an sauke Bloom an ɗora, ba ta ƙara neman intanet wajen rubutu ko bugawa, kuma wannan kaɗai ya sa ta fi shafukan da sai da data suke buɗewa.

Abin da ya fi komai amfani a cikinta shi ne shafi ɗaya yana ɗaukar harsuna har uku a ƙarƙashin hoto guda. Tun farko ake buɗe abin da manhajar ke ɗauka a matsayin rumbun littattafai, a faɗa mata harshe na ɗaya da na biyu da na uku. Daga nan kowane shafi zai ba da gurbin kowanne. Hoton hadari ya haɗo: a sama damina, a ƙasa ndunngu da Fulatanci, sai na Turanci. Hoton randa: ruwa, ndiyam, ko nji da Barbarci. Amma a nan ma aibinta na farko yake. Harshe na ɗaya shi ne sarki, shi ke zuwa a sama, sauran na binsa. In kullum Hausa ce a sama, yaron Bafulatani ya gane matsayinsa ba sai an gaya masa ba. Maganin shi ne a buɗe rumbu biyu ko uku, kowane harshe ya samu littafin da shi ne a gaba. Ajin da ke da harsuna biyar kuwa dole ya raba su gida biyu, domin ba ta wuce uku a shafi.

Zangunan karatu sun riga sun tsara wa malami abin da zai rubuta. Zango na ɗaya ya faɗo a kaka: yankan gero, dammuna a tsakar gida, rumbu, cirar gyaɗa. Na biyu ya kama ƙarshen hunturu, dabbunde a bakin Fulani, ya shiga bazara, wato ceeɗu, lokacin mangwaro da neman inuwa. Na uku kuwa shuka ne da noman farko. Littafi ɗaya a kowane zango ya isa. Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu, tana cikin zango na biyu, ita ce ta dace da gayyatar iyaye su ji 'ya'yansu na karatu. Ranar Hausa ta 26 ga Agusta tana faɗawa cikin dogon hutu, ba ta taimaki aji ba.

Ga 'yan aji biyu zuwa uku, jimla ɗaya ko biyu a shafi ta wadatar, kalmomi kada su wuce goma a kowane harshe. Wanda ya cusa fiye da haka, manhajar za ta yi masa jan gargaɗi cewa rubutu ya fi ƙarfin gurbinsa, in ya yi kunnen uwar shegu layin ƙarshe ya yanke a takarda. Jimlolin kuma daga bakin yara ya kamata su fito. A tambaye su me ake yi a gidansu ran da aka yi ruwan fari, a rubuta a allo, a ba kowane yaro jimla ɗaya ya kai gida a faɗa masa da harshensu. Bloom ba ta fassara, ba ta kuma san ko an rubuta daidai ba. Malamin da ba ya jin Fulatanci ya nemi wanda ya iya rubuta shi, ba wanda ya iya magana kawai ba, domin dogon wasali ana rubuta shi a Fulatanci, ba kamar Hausar boko ba. Wanda ya saba da Hausa zai rubuta ceɗu a maimakon ceeɗu, kuma iyaye za su gani.

Haruffa masu ƙugiya, inda yawancin manhajoji ke ba da kunya, nan ta yi zarra. Salon rubutun da take zuwa da shi, Andika, an zana shi ne musamman don masu koyon karatu, yana kuma fitar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da ŋ na Fulatanci, da ǝ na Barbarci ba tare da akwatunan banza ba. Sai dai shigar da su aikin madannai ne, ba nata ba. A ɗora Keyman, manhajar madannai, shi ma na SIL ne kuma kyauta, a zaɓi madannan da ke da waɗannan haruffa. Kwafo rubutu daga tsohon fayil da aka buga da wani salon Hausa na da yana jawo matsala, domin ƙugiyar a salon take ba a harafin ba, sai ƙasa ta koma kasa. Masu son ajami ma an yi da su: tana karɓar rubutun dama zuwa hagu, akwai kuma salon Harmattan da aka tsara don ajamin Afirka ta Yamma, an ma raɗa masa sunan iskar hunturu.

Hotuna sai a yi hattara. Akwai tarin zane-zane baƙi da fari mai suna Art of Reading da ake saukewa daban, ya dace da fotokwafi, amma ba kullum ake samun rumbun ƙasa ko galma irin ta nan ba. Zanen yara ya fi. A ba su farar takarda da baƙin biro, ban da fensir, domin fensir ɓacewa yake a bugu. A ɗauki hoton zanen da waya a inuwa mai haske, a yanke gefuna. Hoton fuskar yaro kuwa kada ya shiga littafin da za a ɗora a rumbun Bloom na intanet sai da yardar iyaye.

Wajen bugawa ne aka fi asarar takarda. A zaɓi girman A5 a tsaye, manhajar za ta jera shafukan da kanta, bango daban, ciki daban. Kowace takardar A4 shafi huɗu take bayarwa, saboda haka a lissafa ciki ya zama 12 ko 16 ko 20, har da shafin suna da manhajar ke ƙarawa, in ba haka ba fararen shafuka su biyo baya. Littafi mai shafi 16 takarda 4 ne da kwali 1. Aji mai yara 60, in uku za su haɗu a kan kwafi ɗaya, kwafi 20 ke nan: takarda 80, kwali 20, takardar ko kashi ɗaya cikin biyar na rim ba ta cika ba. A sa mai shago ya buga kwafi ɗaya tukuna, a ninke a duba, domin in ya juya takardar ta gefen da ba shi ba, bayan kowane shafi zai fito kai a ƙasa. Ƙaramar stefila ba ta kai tsakiyar ninki. In babu doguwa, allura da zare sun fi ƙarko.

Akwai kuma ɗaukar murya. Ana karanta jimla ɗaya bayan ɗaya, a waya kuma jimlar na haskakawa yayin da muryar ke fita. Wannan ya dace da gidan da uwa ke jin harshen amma ba ta karanta boko. A ɗauka bayan an tashi, a rufe taga, a kashe fanka. Fayil ɗin ana tura shi daga waya zuwa waya ba data, amma sai an fara sa Bloom Reader a wayar, kuma a taron iyaye ya fi sauƙi a yi wannan, a sa wa kowa a wurin kafin a watse.